Kiɗan Haya: Tarihin Waƙa A Wasannin Kwamfuta

A wannan ɗan rubutu ina so in taɓo wani fanni da ba mu cika kula da shi ba, wato inda masu ƙera wasannin kwamfuta suke samo kiɗan da muke ji, da kuma wanda ke da iko da shi. A ganina, tarihin nan tarihin haya ne.

Bari in fara da ƙasar Japan. Sa'ad da kamfanin Nintendo ke shirya wasan The Legend of Zelda, wanda ya fito a 1986, niyyarsu ita ce su buɗe shi da Boléro, kiɗan da Bafaranshen nan Maurice Ravel ya tsara a 1928. Aiki ya kusa ƙarewa sai aka gano cewa haƙƙin mallakarsa bai faɗi ba. Ravel ya rasu a 1937, dokar Japan ta lokacin kuwa tana kare aikin mutum har shekara 50 bayan mutuwarsa. Dole makaɗin kamfanin, Koji Kondo, ya kwana a zaune ya tsara sabon take cikin dare ɗaya. Taken nan na gaggawa shi ne ya zama tambarin wasan. Ni dai ina ganin doka ta yi musu gata, domin da sun sami Boléro, da kiɗan wani suke ta rerawa.

Wasan Tetris na na'urar Game Boy, a 1989, ya fi sa'a. Kiɗansa tsohuwar waƙar Rashawa ce, Korobeiniki, wadda ta samo asali daga waƙen da Nikolai Nekrasov ya buga a 1861 a kan wani ɗan koli da budurwarsa. Ta daɗe da zama kayan kowa. Sai dai a lura, karin ne na kowa. Shirin da Hirokazu Tanaka ya yi masa yana da masu shi. Galibi haƙƙi biyu ne a kan waƙa: na wanda ya tsara, da na wanda ya ɗauka a faifai.

Da wasanni suka koma kan faifai, sai kamfanoni suka shiga ɗaukar hayar waƙoƙin fitattun mawaƙa, na wa'adin 'yan shekaru. To, a nan gizo ke saƙa. Wasan Alan Wake, na kamfanin Remedy da ke Finland, ya fito a 2010. A watan Mayu na 2017 aka janye shi daga kasuwa don lasisin waƙoƙinsa ya ƙare, bai dawo ba sai Oktoba 2018 bayan an sake ciniki. Na Grand Theft Auto IV ya fi ba ni haushi. Da ya cika shekara 10 a 2018, sai aka aiko da gyara ta intanet aka cire waƙoƙi da dama, akasari na tashar rediyon Rashanci da ke cikin wasan, har daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗinsu tuntuni. Ashe mai saye ma ɗan haya ne bai sani ba! Mai nazarin da ya zo daga baya kuwa, ba abin da mutanen 2008 suka ji zai ji ba.

Ƙaramin maƙeri da ba shi da jari fa? A 2002 ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta, a 2005 kuma wata jami'a a Barcelona ta kafa Freesound, rumbun da jama'a ke zuba sauti iri-iri, kamar takun ƙafa da ƙarar ƙofa da saukar ruwa. Wani sautin kyauta ne ba sharaɗi, wani sai an ambaci mai shi, wani kuma an hana amfani da shi a abin sayarwa, ko da sisin kwabo ne za a karɓa.