Makarantar da Ta Tashi Daga Toka: Tarihin Santa Mariya Tzeja

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani ɗan ƙauye a kurmin Ixcan, can arewacin ƙasar Gwatamala, kusa da iyakar Meziko.

A 1970 ne wasu manoma 'yan ƙabilar Maya masu jin harshen Kiche suka baro tsaunukan ƙasarsu, inda ba su da gonar kirki, sai ƙwadago a gandayen masu arziki. Wani fada na Katolika, Luis Gurriaran, ya taimake su suka kafa ƙungiyar gama kai. Suka yi kwanaki suna tafiyar ƙasa, suka sare kurmi, suka raba gonaki, suka gina makaranta da hannunsu.

A watan Fabrairu na 1982 soja suka auka wa ƙauyen, bisa zargin yana goyon bayan 'yan tawaye. Suka kashe mata da yara, suka ƙone kome ƙurmus. Jama'a ta rabu biyu: wasu suka tsallaka Meziko, wasu suka koma zama ƙarƙashin soja, aka tilasta mazansu yin sintiri.

To, a nan ne nake so ku lura. A sansanonin gudun hijira na Meziko, mutanen ba su zauna jiran gwamnati ta aiko da malamai ba. Wanda ya ɗan taɓa karatu shi aka zaɓa ya koyar da yara, yana koyarwa yana ƙara koyo. A ganina, wannan ɗabi'a ita ce babbar dukiyar da suka komo da ita a 1994, sa'ad da aka mayar musu da gonakinsu.

Komowar ba ta zo da sauƙi ba, domin shekara goma sha biyu ta sa 'yan'uwa sun zama baƙin juna, kowa yana zargin kowa. Duk da haka a 1995 suka buɗe makarantar midil, tun kafin a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Disamba 1996. Wata coci ta garin Needham a Amurka ta tallafa da kuɗin karatu, amma kwamitocin ƙauyen ne ke yanke shawara. Ɗaliban kuwa suka shirya wasan kwaikwayo a kan kisan 1982, suka nuna shi a gaban iyayen da har lokacin ba sa iya ambaton abin a fili. Daga cikin yaran nan aka sami malamai da suka komo suka riƙe azuzuwan da suka zauna a ciki.