Sunan Percy: Tafiyar Wani Suna Daga Ƙauyen Normandi Zuwa Arewacin Ingila

Masu iya magana sun ce suna linzami ne, in an ja shi sai mai shi ya waiwayo. A ƙasar Ingila akwai sunayen iyali waɗanda in an ja su, tarihin shekara 900 da ƴan kai ne ke waiwayowa. A can, babban abin tinƙaho ga tsohon gida shi ne a ce kakansa na farko ya ƙetaro teku tare da Wiliyam na Normandi a shekara ta 1066. Gidaje da yawa sun yi wannan iƙirari, amma kaɗan ne ƙwarai ke da takardar da za ta tsaya musu. A wannan maƙala za mu ɗauki suna guda, wato Percy, sunan gidan da ke riƙe da sarautar Northumberland a arewacin Ingila, mu bi sawunsa har tushe, don mu ga abin da suna ke iya shaidawa game da asalin mutum da kuma inda shaidarsa take tsayawa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin mutanen da suka zo da sunan. Normandi yanki ne a arewa maso yammacin Faransa, yana fuskantar Ingila, tekun Manche ne tsakaninsu. Sunan yankin yana nufin ƙasar mutanen arewa, wato maharan nan masu jiragen ruwa da suka fito daga ƙasashen Sikandinabiya suka addabi gaɓar Faransa a ƙarni na 9. A shekara ta 911 sarki Charles ya yi sulhu da madugunsu Rollon, ya ba shi ƙasa a kewayen birnin Rouen, bisa sharaɗin ya karɓi addinin Kirista ya kuma tsare bakin kogin Seine daga sauran mahara. Cikin ƙarni ɗaya da rabi jikokinsu suka saki harshen kakanni suka kama Faransanci. Saboda haka, sa'ad da Wiliyam, wanda littattafan makarantunmu ke kira Guillaume le Conquérant, ya ci sarki Harold da yaƙi a Hastings ranar 14 ga Oktoba 1066, aka kuma naɗa shi sarkin Ingila ranar 25 ga Disamba, masu magana da Faransanci ne suka hau kan ƙasar, aka ƙwace gandayen manyan Ingilishi aka raba musu.

Ingilishin wancan zamani ba su san sunan iyali na gado ba. Mutum yana da sunan da aka raɗa masa, wani lokaci da laƙabi, in ya mutu laƙabin ya bi shi kabari. Baraden Normandi ne suka shigo da al'adar kiran mutum da sunan garin da gandunsa yake, a sa ƴar kalmar nan "de" a gabansa, ɗa kuma ya gaji sunan kamar yadda yake gadon gandun. Ta haka garin Mortemer ya haifi sunan Mortimer, Montgommery ya haifi Montgomery, Saint-Clair kuma ya haifi Sinclair. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun san yadda sunan gari ya manne wa mutane irin su Aminu Kano da Shehu Shagari tun daga makaranta. A nan Nijar kuwa sunan mahaifi ne ke bin sunan yaro, shi ya sa sunan ke sauyawa daga uba zuwa ɗa. A Ingila sunan ya kafu ne saboda an ɗaure shi da ƙasa, kuma wannan ɗaurin shi ne mabuɗin labarinmu gaba ɗaya.

Akwai garuruwa fiye da ɗaya a Normandi masu suna Percy, amma mafi yawan masana sun fi karkata ga Percy-en-Auge, wani ƙaramin ƙauye a yankin Calvados. Masana sunayen wurare suna danganta kalmar da Persius, sunan mutum a zamanin Rumawa, wato wurin yana nufin gandun Persius ke nan. Daga nan wani barde mai suna William de Percy ya fito. Tsohon kundin gidan rahibai na Whitby ya nuna cewa ya iso Ingila a 1067, shekara guda bayan yaƙin Hastings. Bayan da sarki Wiliyam ya murƙushe tawayen arewa da wuta da yunwa tsakanin 1069 da 1070, bardenmu ya sami rabo mai tsoka. Babban kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da sarkin ya sa aka rubuta a 1086, wanda ake kira Domesday, ya lissafa gandayensa a yankunan Yorkshire da Lincolnshire, har da garuruwan Topcliffe da Spofforth. Shi ne ya tallafa aka sake rayar da gidan rahibai na Whitby, inda ɗan'uwansa Serlo ya shugabanta. Tsaransa sun yi masa laƙabi da Faransancin lokacin, "aux gernons", wato mai gashin baki, kuma daga wannan laƙabi aka samo sunan Algernon da zuri'ar ta riƙa raɗa wa ƴaƴanta. An ruwaito cewa ya rasu a yaƙin Salibiyya na farko, tsakanin 1096 da 1099, yana hango birnin Ƙudus.

Iyakar abin da takardu suka tabbatar ke nan, amma baki bai tsaya nan ba. An daɗe ana ba da labarin cewa a 1093, lokacin da Malcolm na Uku, sarkin Sikotland, ya kewaye ganuwar Alnwick, wani barde ya fito da mabuɗan ƙofa a kan tsinin mashi kamar zai miƙa wuya, sai ya soke sarkin a ido. Wai daga nan aka sa masa sunan, domin a Turancin Ingila kalmar "huda" da kalmar "ido" in an haɗa su suna ba da sauti mai kama da Percy. Gaskiya ne an kashe Malcolm kusa da Alnwick a watan Nuwamba na 1093. Sai dai sunan Percy yana rubuce a kundin Domesday shekara 7 kafin nan, kuma gidan bai mallaki Alnwick ba sai bayan fiye da shekara 200. Haka nan akwai wani jerin sunaye da aka ce an ajiye a gidan ibadar da Wiliyam ya gina a filin yaƙin, mai ɗauke da ɗaruruwan sunayen waɗanda wai suka yi yaƙin tare da shi. Asalin takardar ya ɓace, kwafin da suka rage kuwa sun saɓa wa juna, kuma masana sun nuna cewa an cusa sunaye daga baya don faranta wa masu hannu da shuni. Mutanen da tsofaffin majiyoyi suka tabbatar da halartarsu Hastings kimanin 20 ne kacal, kuma babu Percy a cikinsu. Masanin tarihi John Horace Round, wanda ya rasu a 1928, ya yi suna wajen tona irin waɗannan salsaloli na ƙarya da manyan gidajen Ingila suka daɗe suna taƙama da su.

Yanzu bari mu duba yadda aka yi gadon sunan. Wajen 1175 wani William de Percy na biyu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai ƴaƴa mata biyu, Maud da Agnes. A nan zuri'ar barden farko ta wajen maza ta ƙare, shekara ɗari da kaɗan bayan isowarsa. Agnes ta auri Joscelin na Louvain, wani gari da ke cikin Beljiyam ta yau, ɗan'uwan sarauniya Adeliza matar sarki Henry na Ɗaya. Ƴaƴansu suka ɗauki sunan uwarsu, tun da ta wajenta gandayen suka zo. Ɗaya daga cikinsu, Richard de Percy, yana cikin manyan hakimai 25 da aka ɗora wa alhakin tilasta wa sarki John ya mutunta yarjejeniyar Magna Carta ta 1215. Kafin nan, a 1204, sarkin Faransa Philippe Auguste ya riga ya ƙwace Normandi daga hannun John, igiyar da ke haɗa irin waɗannan gidaje da ƙauyukansu na asali ta tsinke, suka zama Ingilishi masu sunan Faransa.

Wannan reshe na Louvain ne ya kai sunan ƙololuwa. A 1309 Henry de Percy ya sayi fadar Alnwick daga hannun Antony Bek, bishop na Durham, gidan ya zama mai tsaron iyaka da Sikotland. A 1377 aka ba wani Henry Percy sarautar Northumberland da muƙamin da Ingilishi ke kira Earl, Faransawa kuma comte. Ɗansa shi ne jarumin nan da ake wa laƙabi da Hotspur, wato mai zafin ƙaimi, wanda ya yi wa sarki Henry na Huɗu tawaye aka kashe shi a Shrewsbury a 1403. Shakespeare ya sa shi a wasansa, kuma daga laƙabinsa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tottenham Hotspur ta sami suna. Girman gidan ya zo da tsadarsa: Earl na farko ya mutu a fagen fama a 1408, na biyu a 1455, na uku a 1461, na huɗu talakawa suka kashe shi kan haraji a 1489, na bakwai kuma aka fille masa kai a birnin York a 1572.

A 1670 Earl na 11, Josceline Percy, ya rasu ya bar ƴa guda mai shekara 3, Elizabeth. Karo na biyu ke nan da zuri'ar maza ta yanke. Sai wani mai ƙera akwatuna daga birnin Dublin, James Percy, ya fito ya ce shi jinin gidan ne ta wajen maza, don haka sarautar tasa ce. Ya yi kusan shekara 20 yana shari'a. Sunan yana da shi, amma ya kasa kawo takardun da ke haɗa kakanninsa da gidan ɗaya bayan ɗaya. A 1689 majalisar manyan masu sarauta ta yi watsi da ƙararsa, ta kuma yi umarni a zaga da shi a zauren Westminster da takarda a ƙirji mai bayyana shi a matsayin maƙaryaci. Dukiyar kuwa ta bi Elizabeth zuwa gidan mijinta, Charles Seymour, wanda ta aura a 1682. Jikarsu, ita ma Elizabeth, ta auri Sir Hugh Smithson, wani mai gandu daga Yorkshire, a 1740. Da ɗan'uwanta ya rasu a 1744 ta zama magajiya, kuma a 1750 majalisar dokoki ta yi doka ta musamman wadda ta ba mijinta izinin ajiye sunansa ya ɗauki na Percy. A 1766 aka ɗaga shi zuwa muƙamin Duke, wato duc a Faransanci, mafi girman sarauta bayan gidan sarki. Smithson kuwa a Turanci ma'anarsa ɗan maƙeri. Wanda aka haifa da sunan Percy ya tashi a tutar babu, wanda aka haifa da sunan ɗan maƙeri ya zauna a Alnwick, kuma daga tsatsonsa Ralph Percy, Duke na 12 da ya gaji sarautar a 1995, ya fito.

Sunan da Hugh ya yar bai ɓata ba. Yana da wani ɗa da aka haifa a Paris ba ta hanyar aure ba, wanda ba shi da haƙƙin sunan Percy, sai daga baya ya ɗauki tsohon sunan mahaifinsa ya zama James Smithson. Masanin kimiyya ne, ya rasu a 1829, kuma dukiyarsa ta kimanin dala rabin miliyan ta koma ga ƙasar Amurka, wadda bai taɓa takawa ba. Da ita aka kafa cibiyar ilimi ta Smithsonian a Washinton a 1846.

Me wannan labari ke koya wa mai neman asali? Jinin barden farko yana nan a gidan, amma sau uku yana bi ta wajen mata, alhali ana ɗauka sunan iyali shaida ne na nasabar uba. Abin da sunan ya bi shi ne ƙasa da ganuwa. Shi ya sa ƙwararrun masu binciken salsala ba sa farawa daga 1066 su gangaro. Suna farawa daga mai rai su hau sama, uba bayan uba, kowane mataki da takardarsa. A Ingila rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a 1837, ta majami'u kuma a 1538. Kafin nan sai wasiyyoyi da takardun gandu da na haraji, irin na kuɗin kai da aka karɓa tsakanin 1377 da 1381, waɗanda ba kasafai suke nuna wane ne ya haifi wane ba in mutum talaka ne. Sunayen gado ma ba su game talakawan Ingila ba sai wajen 1400. Kuma ba kowane suna mai ƙamshin Faransanci ne na Normandi ba, domin dubban Furotesta sun gudo daga Faransa zuwa Ingila bayan 1685 da sunayensu. Gwajin ƙwayar halitta na zamani yana iya nuna ko maza biyu masu suna ɗaya kakansu ɗaya ne, amma ba ya faɗin sunan kakan.

Saboda haka, wanda ake kira Percy a yau yana iya cewa sunansa daga Normandi ya fito, kuma ya faɗi gaskiya. In ya ƙara da cewa shi jikan barden nan mai gashin baki ne, to sai a tambaye shi abin da aka tambayi mai akwatunan Dublin: ina takardun?