Garmaho a Abidjan da Ƙarafansa da Suka Ɓace

Garmaho, wato akwatin da ake wanawa da hannu ya juya faifai har waƙa ta fito ba tare da lantarki ko batir ba, ya shigo biranen gaɓar tekun Afirka ta Yamma ne cikin hajar kamfanonin Turawa, kuma ya ci zamaninsa tsakanin shekarun 1920 da na 1950. A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke naɗar murya ta kuma maimaita ta, sannan a 1887 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi rajistar tasa wadda ke amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Na'urorin farko suna ɗauke da ƙaton ƙaho a waje, sai a 1906 kamfanin Victor ya fito da samfurin Victrola wanda ya ɓoye ƙahon cikin kabad na katako. Tun daga lokacin akwatin ya zama sashe na na'urar kanta, domin ta cikinsa sauti ke bi, kuma duk wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da murfi ko ƙofa ya samu aikin da ya wuce ado.

Bunƙasar garmaho ta zo daidai da bunƙasar Abidjan. A 1934 Faransawa suka mayar da hedkwatar mulkinsu na Kwaddibuwa daga Bingerville zuwa wannan gari, a shekarar da layin dogon da ya tashi daga Abidjan ya isa Bobo-Dioulasso, sannan buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950 ya ba manyan jiragen ruwa damar shiga har bakin gari. Turawa sun keɓe wa kansu unguwar Plateau, suka bar 'yan ƙasa da baƙi a Treichville ta kudu, a hayin ruwa, da Adjamé ta arewa. Cikin baƙin akwai Hausawan Nijar da na Arewacin Nijeriya, waɗanda kakanninsu suka daɗe da sanin hanyar kurmi saboda fataucin goro. Fim ɗin Moi, un noir na Jean Rouch, wanda ya fito a 1958 tare da Oumarou Ganda, ya nuna rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a Treichville ta wancan lokaci, unguwar leburori da gidajen rawa, inda kiɗa yake cikin abubuwan da mutum ke kashe wa ɗan abin da ya samu.

Kamfanoni irin su CFAO da SCOA da kantunan Kwarori ne suka riƙe cinikin kayan Turai, kuma abin da ya fi dacewa da aljihun malamin makaranta ko akawu ko attajirin goro shi ne garmaho na hannu mai kama da ƙaramin akwatin tafiya. Kamfanin His Master's Voice, wanda aka fi sani da HMV mai tambarin kare a gaban ƙaho, ya fitar da samfuri mai lamba 101 a 1925 da mai lamba 102 a 1931, kuma an ci gaba da ƙera na biyun kusan shekara talatin. Faya-fayen ma sun biyo baya. Daga 1927 kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama har da Hausa, domin a sayar da su a gida, sannan a 1933 HMV ya soma jerin faya-fayen da ake kira GV, masu ɗauke da kiɗan Kuba, waɗanda suka yi tasiri a kan makaɗa daga Dakar har Kwango. A ƙasashen renon Faransa akwai wata matsala ta daban, domin tsofaffin faya-fayen Pathé an zana layinsu ne ta yadda allura ke hawa da sauka, ba ta karkata hagu da dama ba, kuma suna buƙatar allura mai kan dutse, don haka ba kowane garmaho ne ke iya kunna su ba.

Cikin akwatin akwai sifirin, wato doguwar tsiriyar ƙarfe da ke naɗewa idan an wana hannu, ta riƙa warwarewa a hankali tana juya farantin da faifai ke zaune a kai. Akwai kuma wasu ƙananan duwatsun ƙarfe guda uku da ke daidaita gudu a kan juyi 78 a minti ɗaya. Allura tana bin layin faifai, ta miƙa girgizarta ga wani siririn faranti da ke cikin kan garmaho, wanda a da ake yi da wani dutse mai ɓawo-ɓawo kamar gilashi, daga baya aka koma yin sa da alminiyom, kuma daga nan sauti ke bi ta wuya zuwa ƙaho. Waɗannan sassa na ciki ba kasafai suke ɓacewa ba, saboda suna kulle. Abin da ke ɓacewa shi ne na waje: hannun wani, wanda dole a cire shi kafin a ɗauki akwatin, da ɗan zoben da ke bakin ramin da hannun ke shiga, da sandar da ke tokare murfi, da ƙarafan da murfi ke juyawa a kansu, da makulli da mabuɗinsa, da ƙaramin kokon zuba allura, da ƙarafan kusurwa, da mariƙin fata.

Dalilan ɓacewarsu ba ɓoyayyu ba ne. Abidjan gari ne na laima da iskar teku mai gishiri, inda tsatsa ke cin ƙarfe, danshi ke sakin mannen katako, gara kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Wasu sassan an zuba su ne da wani gaurayen ƙarfe mai arha wanda ke kumbura ya tsage da kansa idan ya tsufa. Allurar ƙarfe kuwa an yi ta ne don fuska ɗaya ta faifai, amma mutane da yawa sukan maimaita ta har ta cinye layin waƙar. Da faifan roba mai juyi 45 ya fito a 1949, rediyon batir ya yaɗu, kamfanin Philips kuma ya kawo kaset a 1963, sai garmaho ya koma ƙarƙashin gado, aka ciro makullinsa aka sa wa adaka, aka ba yara farantinsa su yi wasa.

Mai gyaran tsohon garmaho yana farawa ne da sifirin, ya fito da shi daga gwangwaninsa da taka-tsantsan domin yana iya ɓallewa ya yanke hannu, ya wanke busasshen giris da kananzir, ya sa sabo. Sai ya sauya zoben robar da ke riƙe da farantin kan garmaho, wanda bushewarsa ce ke sa sauti ya riƙa kaɗawa. Wannan aikin kwana ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya. Neman ƙarafan akwati ne ke cin watanni, domin kowane kamfani da irin zarensa na kusa mai juyi: na Ingila ana auna shi da inci, na Faransa da na Suwizalan da milimita, kuma injinan kamfanonin Thorens da Paillard na garin Sainte-Croix sun shiga akwatuna masu sunaye barkatai. Hannun wani da aka ciro daga wani samfuri yana iya shiga ramin, amma ya lalata zaren ciki tun juyin farko. Saboda haka masu tara waɗannan kaya sukan sayi mataccen garmaho sukutum don sandar murfi guda ɗaya.

A nan ne batun ya haɗu da sana'ar da aka san Hausawan Treichville da ita, wato dillancin kayan da. Masanin halayyar al'umma Christopher Steiner ya yi bincike a tsakanin 'yan kasuwar sassaƙe-sassaƙe na Abidjan, ya kuma wallafa littafin African Art in Transit a 1994, inda ya nuna yadda Hausawa da Julawa da Wolof suka laƙanci abin da mai saye Bature ke nema, wato alamar tsufa da shaidar cewa an yi amfani da abu. Kasuwar garmaho ma a kan wannan ma'auni take tafiya, kuma ita ma tana da jabunta. Mafi shahara su ne waɗanda ake harhaɗawa a Indiya, masu ƙaton ƙahon tagulla mai sheƙi da tambarin HMV, alhali injin da ke ciki na ƙaramin garmahon hannu ne, katakon kuma sabo ne da aka shafa wa duhu. Masani yakan gane su ta wuyan da ke haɗa ƙaho da akwati, wanda ake yi da gutsattsarin bututu da aka liƙa da dalma maimakon ƙarfe guda da aka zuba, da kuma ramukan da ke jikin injin waɗanda ba su dace da na katakon ba.

Ƙa'idar masu tarawa a Turai da Amurka ita ce a mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, a cire duk abin da ba na asali ba. Wannan ƙa'ida tana da rauni idan aka zo kan garmahon da ya yi rayuwarsa a Adjamé ko Treichville. Yankin Adjamé ya shahara da masu sayar da tsofaffin ƙarafa da kayan gyaran mota, da maƙera da masu walda, kuma hannun wani da irin waɗannan masu sana'a suka lanƙwasa daga rodi tun shekarun 1950, ko mariƙin da baduku ya ɗinka da jar fata, shaida ce ta wanda ya mallaki akwatin da yadda ya riƙe shi. Gidajen adana kayan tarihi sun fi karkata ga barin irin wannan gyara a inda yake, tare da rubuta bayaninsa, kuma idan dole ne a sa sabon ƙarfe don murfi ya tsaya, sai a yi amfani da tsofaffin ramukan kusa ba tare da huda sababbi ba, a yi wa sabon alama ta ciki, a kuma ajiye wanda aka cire a cikin akwatin.