Sunayen cututtuka da tarihin waye kai kan kiwon lafiya a ƙasar Dakoro (1947-2015)

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan bincike ita ce bin sawun kalmomin da aka yi amfani da su wajen isar da saƙon kiwon lafiya ga jama'ar Dakoro, tun daga zamanin mulkin mallaka. Ma'aikacin lafiya a Nijar da faransanci yake karatu, amma da hausa yake aiki. Duk lokacin da ya fassara sunan cuta, yakan ɗora shi ne bisa wata kalmar hausa wadda ta riga ta mallaki tarihinta, da dalilanta, da masu maganinta. Za mu duba misalai huɗu: agana, sanƙarau, zazzaɓi da tamowa. Ra'ayin da muke karewa shi ne, jama'a sun riƙa karɓar sabuwar ma'ana a duk inda magani ya biyo bayan magana, sun kuma koma ga tsohuwar ma'ana a inda maganar ta zo ita kaɗai.

2. Ƙasar da mutanenta

Garin Dakoro yana wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi. A 1947 ne Faransawa suka kafa bariki a wurin, domin su kusanci ƙasar Kornaka da Birnin Lalle da makiyayan arewa. Yanki ne da manoma Hausawa, Gobirawa da Adarawa da Katsinawa, suke gauraye da Fulani da Buzaye. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin wannan iyaka a nan. A 2011 aka cire Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Na farko, nisa: ƙauyuka da rugage a warwatse suke cikin rairayi, zuwa likita kan ci yini guda a amalanke. Na biyu, harshe: hausa ce harshen kasuwa da na likita, ko da yake ga Bafulatana ko Buzuwa harshe na biyu ne. Ke nan saƙon yakan bi ta fassara biyu kafin ya kai ga uwar yaro.

3. Agana da zamanin lamba

Likitancin mulkin mallaka na yawo ne. A 1945 aka kafa ma'aikatar tsabta da rigakafi mai zagaya ƙauyuka a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa. Tsarin aikinta sananne ne: kwamanda ya aika wa sarkin kanto, sarki ya aika wa masu gari, a tara jama'a ƙarƙashin itace, a duba, a tsaga. Ba a nemi fahimtar kowa ba. Mutanen da suka san taro irin wannan da ƙidayar haraji da aikin tilas suna da hujjar ɓoye ƴaƴansu a rumbu.

Kalmar da ta wanzu daga wannan zamani ita ce "lamba". Abin lura ne cewa kalmar ba ta faɗi komai game da kariya daga cuta ba. Tabon da ke damtse take nufi, wato shaidar da hukuma ke dubawa ta gane wanda ya halarci taro. Kalmar "rigakafi", wadda ke ɗauke da ma'anar tare abu tun bai zo ba, tsohuwa ce a harshen, amma sai daga baya ta samu gindin zama a bakin ma'aikata da rediyo.

Agana kuwa cuta ce da ake jin tsoron ambatonta, shi ya sa ake sakaya ta da "ƴan rani". Haka ƙyanda, wadda mutanen nan ke kira dusa, wasu kuma baƙon dauro. Sakaya suna alama ce ta cutar da ake lallashi, domin ba a da ikon korarta. Daga 1967 aka shiga babban gangamin rigakafin agana da dusa a Afirka ta Yamma, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a duniya. Tsofaffi sun gani da idonsu cewa masu zanzana a fuska sun daina ƙaruwa. Wannan shaidar ido ce ta wanke kalmar lamba daga ƙurar bariki.

4. Sanƙarau

Ta fuskar ginin kalma, sanƙarau ya fito daga aikatau "sanƙare" da ɗafa-ƙeyar -au, irin wadda ke cikin Mantau da Jimrau. Wato sunan ya mai da cutar tamkar mutum mai hali: mai sanƙarar da wuya. A nan fassara ba ta ba da wahala ba, don kuwa alamar da Bahaushe ya sa wa suna ita ce wadda lokotoro ke fara dubawa. Lokacin ma ba a yi gardama a kai ba: cutar takan taso cikin hunturu da ƙura, ta tsananta da bazara, ta lafa da saukar ruwan fari. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana zirin ƙasashen sanƙarau, tsakanin inda ake samun ruwan sama milimita 300 da inda ake samun 1100 a shekara. Dakoro na bakin wannan ziri ta arewa.

Matsalar sanƙarau ta allura ce. Allurar da ake da ita kafin 2010 kariyarta ba ta wuce ƴan shekaru, ba ta kama jarirai sosai, kuma sai annoba ta ɓarke ake kawo ta. A 1995 annobar ta kama dubun-dubatar mutane a Nijar. A cikin wannan hali ne aka gano cewa akwai jabu cikin allurai 88.000 da suka zo gudummawa daga Najeriya, bayan an riga an yi wa mutum wajen 60.000. A ƙarshen 2010 Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fara amfani da MenAfriVac, wadda ta kusan shafe nau'in A na ƙwayar cutar. Sai ga shi a 2015 nau'in C ya kama mutum fiye da 8.000 a ƙasar, ya kashe fiye da 500.

Nan ne harshe ya sake shigowa. Hausa na da kalma ɗaya, likita na da nau'o'i da dama da yake bambantawa da haruffa. Uban da aka ce masa an yi wa ɗansa "allurar sanƙarau", ya kuma ga sanƙarau ya dawo, ba zai rasa tambaya ba. Wanda ya faɗi saƙon ya yi alkawarin da ya fi ƙarfin allurar.

5. Zazzaɓi da zamanin ƴan agajin ƙauye

Bayan samun ƴancin kai a 1960 salon magana ya sake. An kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, ma'aikatan raya karkara suka shiga ƙauyuka suna tattaunawa da jama'a. A jahar Maraɗi ne, cikin shekarun 1960, aka fara gwada tsarin ƴan agajin ƙauye da ungozomomi: gari ya zaɓi mutanensa, a horar da su na ƴan kwanaki, a ba su akwati mai ɗauke da nibakin, asfirin, maganin ido da jan maganin miki. Guy Belloncle da Georges Fournier sun ba da labarin wannan gwaji a littafinsu na 1975. Rauninsa ya bayyana da wuri: akwati kan ƙare, mai sa ido ba ya zuwa, ɗan agajin kuma ba shi da albashi.

Kalmar "zazzaɓi" ko "masassara" zafin jiki take nufi, ko mene ne sanadinsa. Don haka aka ƙirƙiro "zazzaɓin cizon sauro", sunan da ya ƙunshi darasi a cikinsa. Amma a hirarrakin da muka yi da iyaye mata a ƙasar Kornaka mun sha jin an raba abin da likita ke ɗauka cuta ɗaya gida uku. Zafin jikin kaka, na tumu da sabon abinci ne. Idan ido ya yi ɗorawa, shawara ce, maganinta saiwa da sassaƙe. Idan yaro ya shiga jijjiga, iska ce, sai malam ko boka. Ke nan matakin da ya fi kisa shi ne wanda sunansa ya fi nisa da ƙofar likita. Irin wannan rarrabuwa ce Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka nazarta a harsunan Afirka ta Yamma cikin littafin da suka jagoranta a 1999.

Sai dai suna ba shi kaɗai ke hana zuwa likita ba. Bayan Shirin Bamako na 1987 an shigo da biyan kuɗin magani cikin shekarun 1990, a daidai lokacin da darajar sefa ta faɗi da rabi a 1994. Da aka yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, gidajen likita sun cika da mata masu goyo, duk da cewa jinkirin gwamnati wajen biyan kuɗin ya riƙa jawo yankewar magani. Daga 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara wata-wata cikin damina a wasu gundumomi. Imanin iyaye game da iska bai hana su karɓa ba.

6. Tamowa da shekarar 2005

Yunwa tana da sunaye a tarihin ƙasar Hausa: Kakalaba ta 1913-1914, ko El-Buhari ta 1984-1985, lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta. Waɗannan sunayen shekaru ne, masifar gari duka. Tamowa kuwa ta yaro ɗaya ce. A yadda muka ji ana amfani da ita, yaro ne ya rame, fata ta tattare, kuma akan danganta abin da ɓacin nono, musamman idan uwa ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo. Kalmar tana tafe da kunya, kuma kunyar a kan uwa take.

Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, buhun hatsi ya haura jika 25 a kasuwanni da dama cikin daminar 2005. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinya a Dakoro, kuma a wannan shekara ta yi wa yara fiye da 60.000 magani a faɗin Nijar. Sabon abu shi ne Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a 1996. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, ba ya bukatar ruwa ko wuta, saboda haka uwa na iya jinyar ɗanta a ɗakinta, tana zuwa awo mako-mako.

Gardamar suna ta kai har fadar shugaban ƙasa: Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa, a 2008 kuma hukuma ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maraɗi. A ƙauye kuwa wata sauyawa ce ta auku. Da aka ɗauki "tamowa" a matsayin fassarar kalmar faransanci malnutrition, sai ta sami ma'auni: zaren awon damtse mai launi uku, wanda jansa ke farawa ƙasa da milimita 115. Abin da ake ɓoyewa a ɗaki ya zama abin da ake aunawa a bainar jama'a, a kuma ba da magani a ga yaro ya murmure cikin makonni. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma saƙonnin da ke ɗora laifi kan "jahilcin iyaye mata" suna ƙara mata rai, alhali mabuɗin rumbu ba a hannun uwa yake ba.

7. Kammalawa

Kalmar "waye kai", da muke fassara sensibilisation da ita, tana ɗauke da zaton cewa kan mai sauraro a duhu yake. Tarihin da muka bi bai goyi bayan wannan zato ba. Mutanen Dakoro sun san alamomin cututtukansu da lokutansu, sun kuma sa musu suna tun kafin a gina bariki. Inda saɓani yake shi ne wajen sanadi da iyakar kowane suna.

Daga nan muke ba da shawara biyu. Ta farko, kafin a fassara saƙo a tattara yadda ake amfani da kalmar a bakin mata, da hausa da fulatanci da buzanci, a san abin da ta ƙunsa da abin da ta bari waje. Wannan aiki ne da ɗalibanmu za su iya ɗauka a matsayin batun kundin digiri. Ta biyu, kada saƙo ya yi alkawarin abin da babu shi a akwatin magani. Ƙamus ɗin kalmomin lafiya da zai yi amfani shi ne wanda aka rubuta tare da ungozoma da wanzami da ma'aikacin likitar ƙauye, a kuma riƙa sabunta shi duk lokacin da magani ya sake.