Jan Ƙarfen Takedda da Ƙira a Wasannin Kwamfuta

A shekarar 1353 Miladiyya matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takedda, garin da masu binciken kufai da dama ke dangantawa da Azelik, yamma da duwatsun Abzin a Jamhuriyar Nijar ta yau. Ya bayyana cewa a wajen gari ake haƙo jan ƙarfe, a kawo shi cikin gidaje, bayi maza da mata su narka shi, su mayar da shi sanduna masu kauri da sirara. Sandunan nan su ne kuɗin garin. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da masu kauri kuma ake sayen gero da man shanu da alkama, har da bayi. Daga nan fatake ke kai ƙarfen Gobir da Barno.

Matakai uku ne ke cikin wannan bayani: haƙa, narkarwa, sannan sarrafawa. A kansu aka gina tsarin ƙira a wasannin kwamfuta. A Minecraft, wanda ya shigar da jan ƙarfe a 2021, sai ɗan wasa ya haƙo ma'adini ya zuba a tanderu, gawayi ɗaya ya narka guda takwas, kafin ya ƙera wani abu. RuneScape ma ya raba gwanintar haƙa da ta ƙira, kuma sai an haɗa jan ƙarfe da kuza ake samun tagulla. Ta fuskar jerin aiki, wasannin sun yi daidai da tarihi.

Inda suka saɓa shi ne a yawan hannuwa. Ɗan wasa shi kaɗai ne mahaƙi da manarki da maƙeri, kuma duk abin da ya fito daga wuta nasa ne. A Takedda wanda ya sha zafin wutar bawa ne, sandar da ya zuba kuma tana iya zama kuɗin sayen wani bawan. A ƙasar Hausa ma sana'ar ta rabu: masu narkar da tama daban, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari daban, maƙeran fari masu kayan ado daban, akasari kuma gado ake yi. Ɗalibin da ya koyi jerin aikin daga wasa, ya rage masa ya bincika wa ya yi kowane mataki, wa kuma ya ci ribarsa.