Sunan Wa Aka Rubuta? Sake Duban Faifan Led Zeppelin na Farko

Labarin faifan sananne ne: an naɗe shi a Olympic Studios da ke Landan a ƙarshen 1968, cikin kimanin sa'o'i 36, kamfanin Atlantic ya fitar da shi a Janairun 1969. Batun aron waƙoƙin da ke ciki ma an tattauna shi (Headlam, 1995). Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hujjar da masu kare ƙungiyar suke ta maimaitawa, wai kiɗan blues gadon kowa ne, mawaƙi na ɗauka daga na gabansa ba tare da neman izini ba, don haka Jimmy Page, mai kaɗa jitar ƙungiyar, al'ada kawai ya bi.

A ganina bangon faifan kansa ya isa ya raunana wannan magana. Waƙoƙin blues biyu da ke ciki, "You Shook Me" da "I Can't Quit You Baby", an rubuta sunan Willie Dixon a kansu tun bugun farko. Ashe sun san waƙa tana da mai ita. Mawaƙan da aka tsallake sunayensu su ne Jake Holmes da Anne Bredon da Bert Jansch, kuma babu ɗayansu da ya fito daga al'adar da ake fakewa da ita.

Za a ce ai "How Many More Times" ta ɗebo daga Howlin' Wolf da Albert King ba a ambace su ba. Haka ne, kuma a nan hujjar tasu tana da ɗan ƙarfi, domin tsintar baiti nan da can tsohuwar ɗabi'a ce a blues. Dole kuma in rage faɗin da'awata a wasu wuraren. Waƙar Bredon, Page ya ji ta ne a faifan Joan Baez na 1962, inda aka nuna ta a matsayin ta gargajiya. An gyara sunan daga baya. Ta Jansch kuwa asalinta tsohuwar waƙar Ailan ce, salon kaɗa jitar ne nasa, kuma doka ba ta cika kare salo ba.

Saura "Dazed and Confused", kuma a nan ban ga mafita ba. Holmes ya fitar da ita a 1967. A shekarar ya yi wasa a dandamali ɗaya da ƙungiyar Yardbirds a New York, lokacin Page yana cikinsu, suka ɗauke ta suna kaɗawa. Da ta fito a 1969 da sababbin baitoci, sunan Page kaɗai ke kanta. Ba na musun cewa gangar John Bonham da jitar da Page ke gogawa da izgar goge sun mai da ita wata aba dabam. Amma gwanintar sarrafawa ba ta goge asali. Sai da Holmes ya kai ƙara a 2010 aka sasanta a wajen kotu, sannan sunansa ya fara bayyana a bugun da aka yi daga baya.