Katantanwar ruwa da kifayen da ke cin ta: abin da ya kamata masu kiwon kifi da mazauna bakin Binuwai su sani

Katantanwar ruwa, wadda wasu ke kira dodon koɗi, ƙaramar halitta ce da sau da yawa ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. A cikin akwatin gilashi na kifin ado, ɓarnarta ba ta wuce ƙazanta ruwa da cin ganye ba. A kududdufi da tafki da magudanan noman rani kuwa, wasu nau'o'inta su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Wannan batu ya shafi Yola da Jimeta kai tsaye. Garuruwan biyu suna bakin kogin Binuwai, ga tafkin Geriyo a gefen Jimeta inda ake noman rani da su, ga tafkin Njuwa a Yola, ga kuma ƙananan kududdufai da ambaliya ke bari idan kogi ya janye. Ruwa mai kwanciya, mai ɗumi, mai ciyayi, shi katantanwa ta fi so.

Daga cikin hanyoyin da aka daɗe ana gwadawa don rage ta akwai zuba kifayen da ke cin ta. Hanyar tana aiki sosai a ƙaramin ruwa da aka killace, amma gwaje-gwajen da aka yi, har da wanda aka gudanar a kwarin Binuwai, sun nuna cewa a babban ruwa kifi mataimaki ne kawai.

Nau'o'in da suka fi muhimmanci

Ba kowace katantanwa ke ɗauke da cuta ba. Babbar katantanwar tudu da ake ci a kudancin Najeriya ba ta da alaƙa da tsargiya. Masana sun fi sa ido kan nau'i uku na cikin ruwa.

Na farko shi ne Bulinus, mai ɓawo kamar ƙaramin ƙwai, wanda bakinsa ke ɓangaren hagu idan aka riƙe shi tsininsa na sama. Shi ke ɗauke da tsutsar tsargiyar mafitsara. Na biyu shi ne Biomphalaria, mai ɓawo shimfiɗaɗɗe a nannaɗe kamar ƙaramin faifai, wanda ke ɗauke da tsutsar tsargiyar hanji. Na uku shi ne Lymnaea, mai baki a ɓangaren dama, wanda ke yaɗa tsutsar hanta ga shanu da tumaki da awaki masu kiwo a fadama. Wannan na ƙarshe asara ce ga makiyayan Adamawa, domin dabbar na ramewa, hantar kuma ba ta ciwuwa bayan yanka.

Dukkan ukun suna da gaɓoɓin namiji da na mace a jiki ɗaya, kuma guda ɗaya tak na iya haihuwa ba tare da abokiyar barbara ba. Suna manna ƙwai a jikin ganye ko dutse cikin wani abu mai yauƙi, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wasu nau'o'in Bulinus kan nutse cikin laka idan kududdufi ya ƙafe, su yi kwanton rani har ruwan damina ya sauka. Shi ya sa kududdufin da ya bushe a watan Maris kan sake cika da su bayan 'yan makonni da faɗuwar ruwa.

Yadda take yaɗa tsargiya

Likitan nan ɗan ƙasar Jamus, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira a 1851. A 1915 kuma Robert Leiper na Birtaniya ya tabbatar, a Masar ɗin, cewa sai ta bi ta jikin katantanwa kafin ta kama mutum.

Idan mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar kan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi katantanwa su shige jikinta. A nan suke ninkuwa na tsawon makonni huɗu zuwa shida, sannan su fito dubbai cikin ruwa, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara zuwa wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Idan ba su sami mutum ba, sukan mutu cikin kwana biyu.

Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari. A wasu wurare ana ɗaukar hakan alamar balagar yaro namiji, alhali ciwo ne. Idan ya daɗe yana jawo ƙarancin jini, da tsumburewa, da lalacewar mafitsara da ƙoda, wani lokaci har da sankarar mafitsara. Ga mata yana iya taɓa mahaifa ya kawo matsalar haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne ke buƙatar maganin wannan cuta, kuma aƙalla kashi 90 cikin 100 nasu a Afirka suke. Najeriya na sahun gaba a yawan masu ɗauke da ita. Maganin praziquantel, wanda ake rabawa kyauta a makarantu, yana kashe tsutsar da ke jiki, sai dai ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha magani yau, ya koma ruwa mai katantanwa gobe, ya koma gidan jiya. Wannan ne dalilin da ya sa ake neman hanyar rage katantanwar kanta.

Kifayen da ke cin katantanwa

Kogin Binuwai yana da nasa kifayen masu wannan aiki, kuma masunta sun san su. Talibambam, kifin nan mai kumbura ciki idan an taɓa shi, yana da haƙora huɗu haɗaɗɗu kamar bakin aku da yake fasa ɓawo da su. Haƙoran ba sa daina girma, don haka dole ya riƙa tauna abu mai tauri. Yakan kai kimanin santimita 40, kuma mafaɗaci ne, yana cizon sauran kifaye. Kurungu na tonon ƙasan ruwa yana cin ƙananan katantanwa da ƙwari. Gaiwa ma tana da muƙamuƙi mai ƙarfi da ke murƙushe ɓawo. Tarwaɗa, wadda aka fi kiwo a Najeriya, tana cin katantanwa idan ta ci karo da ita, amma ba ta zaɓen abinci, kuma idan ta ƙoshi da abincin buhu ba ta damuwa da nema.

A kasuwar kifin ado ta duniya akwai wasu da suka yi suna. Ɗaya shi ne kifin botiya mai ratsin baƙi da ruwan lemo, ɗan asalin tsibiran Sumatra da Borneo, wanda ke zuƙe katantanwa daga cikin ɓawonta. Ana sayar da shi yana ƙarami, amma yakan kai santimita 20 zuwa 30, kuma ba ya jin daɗin zama shi kaɗai, sai cikin garke. Akwai kuma ƙaramin ɗan'uwan talibambam daga jihar Kerala ta Indiya, wanda bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba, amma yakan yagi fukafukin abokan zamansa.

A akwatin gilashi

A gida ko ofis ko otal, katantanwa kan shigo akwatin kifi ne ta hanyar ƙwai da ke manne a ganyen ado, ko tsakuwa, ko ruwan da aka kawo sabon kifi a ciki. Yawanta alama ce ta cewa abinci ya yi yawa a ruwan. Ragowar abincin kifi, da ruɓaɓɓen ganye, da gansakuka su ne ke ciyar da ita.

Saboda haka matakin farko shi ne rage abincin zuwa abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu ko uku, da tsame matattun ganye, da tsotse dattin ƙasan akwatin lokacin canjin ruwa. Ana iya sa ganyen latas ko yankin kokwamba da dare, da safe a ɗauke shi da katantanwar da ta taru a kansa. Sabon ganye kuma a ajiye shi a wani bokiti na makonni biyu kafin a haɗa shi da sauran.

Sai bayan haka ake tunanin kawo kifi mai cin katantanwa, kuma da sharaɗi uku: akwatin ya ishe shi idan ya girma, halinsa ya dace da kifayen da ke ciki, kuma a tanadi abin da zai ci idan katantanwar ta ƙare. Maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe yana kashe katantanwa, amma yana kashe jatan lande, yana cutar da wasu kifayen, kuma gawarwakin da suka ruɓe kan gurɓata ruwan.

Katantanwar da aka haifa a cikin akwati ba ta ɗauke da tsargiya, tunda tsutsar ba ta gado, sai ta fito daga jikin mutum. Haɗarin yana ga wanda ya ɗebo ganye ko yashi ko katantanwa kai tsaye daga tafki ko bakin kogi ya zuba a akwatinsa, sannan ya riƙa tsoma hannu.

Darasin Lagdo

Madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan Binuwai a arewacin Kamaru, wadda aka kammala a 1982, sananniya ce ga mutanen Adamawa saboda ambaliyar 2012 da ta 2022. A ƙasan madatsar, a ƙauyen Gounougou, aka yi ɗaya daga cikin fitattun gwaje-gwaje kan wannan batu a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990.

Masana ƙarƙashin Roel Slootweg na ƙasar Holan sun zuba wani kifi ɗan dangin karfasa mai suna Astatoreochromis alluaudi, ɗan asalin yankin tafkin Victoria, a kududdufan kiwon kifi. A mahaifarsa kifin na murƙushe katantanwa da wasu haƙora masu ƙarfi da ke cikin maƙogwaronsa. A Gounougou sakamakon bai gamsar ba. Kifin bai hayayyafa sosai ba, ya fi son abinci mai laushi idan ya samu, kuma wanda ya tashi kan abinci mai laushi haƙoran nasa ba sa yin ƙwari yadda ya kamata. Katantanwa kuma ta sami mafaka a cikin ciyayin gefen ruwa. Abin da masanan suka ga ya fi tasiri shi ne kula da kududdufin: cire ciyayi da ƙafar da ruwa lokaci-lokaci.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A Senegal, kammala madatsar Diama a 1986 ya tare hanyar wani babban jatan lande na kogi da ke cin katantanwa, wanda sai ya sauka ruwan gishiri yake hayayyafa. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll da kewaye. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa da aka mayar da jatan landen cikin keji a wata mashaya ta ƙauyen Lampsar, katantanwa masu ɗauke da tsutsa sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Wani binciken kuma da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa cire ciyayin ƙarƙashin ruwa a mashayun ƙauyuka ya rage kamuwar yara, aka kuma mayar da ciyayin taki da abincin dabbobi.

A Amurka an shigo da wani baƙin kifi daga Asiya don ya cinye katantanwa a gonakin kifi. Ya kuɓuce ya shiga kogunan yankin Mississippi, ya zama barazana ga halittu masu ɓawo na asalin wurin, har gwamnati ta sa shi cikin jerin halittu masu cutarwa a 2007. Kifin da ya shiga kogi ba ya kamuwa a dawo da shi, kuma a gari irin Yola, inda ambaliya kan haɗe kududdufi da kogi, duk abin da aka zuba a kududdufin ƙasa yana iya ƙarewa a Binuwai.

Matakai ga mai kududdufi da manomin rani

Mai kiwon kifi a tankin siminti ko na tampol, wanda ke amfani da ruwan rijiyar burtsatse, ba kasafai yake fama da katantanwa ba. Mai kududdufin ƙasa da ke jan ruwa daga tafki ko kogi shi ke da aiki. Ya sa raga mai ƙananan ido a mashigar ruwa, ya riƙa cire kainuwa da bado da ciyawar gefe, ya kuma sa gefen kududdufin ya yi zurfi maimakon ya kwanta. Bayan kowace kwasar kifi ya ƙafar da ruwan, ya barbaɗa farar ƙasa, ya bar rana ta gasa lakar. Zafin Maris da Afrilu a Yola, wanda kan haura digiri 40, yana taimakawa ƙwarai. Idan zai ƙara kifi mai cin katantanwa, ya tsaya kan na gida, kamar kurungu.

Manoman rani su riƙa yashe magudanai don ruwa ya yi gudu, su sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Maganin niclosamide, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don kashe katantanwa, yana kashe kifi da kwaɗi, don haka aikin ƙwararrun jami'ai ne, ba na ɗaiɗaikun mutane ba.

A gida, ruwan tafki da aka ɗebo don wanka a bar shi ya kwana biyu a rufe ko a dafa shi. Samar da masai nesa da bakin ruwa yana katse cutar daga tushe, domin katantanwar da ƙwan tsutsa bai kai gare ta ba, ba ta da abin da za ta yaɗa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya je asibiti mafi kusa a gwada shi, kuma iyaye su bar yaransu su karɓi magani idan an zo rabo a makaranta.